"Da hannuna na yi shi": rigimar katun ɗin Autan Kaka a gurup ɗin fada

Autan Kaka: Salamu alaikum 'yan fada. Ni dai yau raina a ɓace yake wallahi, shi ya sa na ce bari in zo nan in amayar da abin da ke cikina ko na samu in yi kwana. Wata huɗu cur ina aikin wani ɗan fim na katun mai minti shida, labarin da kakata ke ba mu tun muna ƙanana na ambaliyar 1945, lokacin da Gulbi ya ciko ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama har anka tashi mutane anka maido su bisa tudu inda muke yanzu. Tana yarinya ƙarama lokacin, abin da ta riƙe shi ne an ɗora ta bisa kai cikin masaki, tana kukan akuyarta da ruwa ya tahi da ita. Muryarta ce a fim ɗin, da waya na ɗauka tana zaune bisa tabarma. Ni na rubuta, ni na zana huskokin mutane cikin kaye da bik, sannan na sa IA, manhajar nan da ake rubuta ma umarni ta yi hoto da kanta, ta yi musu kala ta motsa su. Na kai ma wasu masu shirya daren al'adu na matasa, ba zan kama suna ba, sunka ce in bari su duba, sai yau wani yaro cikinsu da ko gemu bai tsiro ba ya aiko mini saƙo wai ba su nunawa don inji ya yi shi. Inji! Abin da na yi da hannuna, na hana idona kwana, na ƙarar da kuɗina wajen sayen mega. Kuma ni ban san wani da ya taɓa yin irinshi garin nan ba. To ku gaya mini, in wanga ba hassada ba ne mine ne?

Maman 'Yan Biyu: Ayya ƙanena yi haƙuri, Allah ya ƙara ma Kaka lahiya. Ni tun daga wurin akuyar nan hawaye ya zo mini.

Tela Bagalam: Wa'alaikumus salam. Auta ban ƙi ta taka ba, amma akwai kalma guda da ta tsaya mini a wuya. Ka ce da hannunka. Wane hannun? Kai da bakinka ka ce IA ta yi kala ta motsa su, to mi ya rage ma hannu?

Autan Kaka: Yaya Tela ka karanta da kyau mana, na ce ni na zana huskokin.

Tela Bagalam: Na karanta. Huska nawa?

Autan Kaka: Tara. Da rumbu da akuya da masakin.

Tela Bagalam: To zane goma sha biyu ke nan. Ni shekara ashirin ina bisa keke, na san bambancin aikin hannu da aikin inji. Babbar riga mai aska takwas in mutum ya zauna da allura da zare sai ya yi watanni bai tashi ba, idonshi ya yi ja, bayanshi ya ƙage, shi ya sa kuɗinta daban. Yanzu akwai injin surfani mai kwamfuta, ka sa mishi zane ka danna ka tahi shan shayi ka dawo ya gama. Duka riga ce, duka ana sawa a tahi idi, amma duk telan da ya miƙa ma mutum ta inji ya ce mishi ta hannu ce, sunanshi maƙaryaci. Ni iyakar maganata ke nan.

Autan Kaka: Wallahi da ka san abin da na sha da ba ka ce danna ka tahi shan shayi ba. Abin nan ba ya ba ka fim, guntu-guntu yake ba ka na daƙiƙa biyar, minti shida kuwa daƙiƙa 360 ne, ka lissafa guntu 72 ke nan, kuma babu guda da ya hito daidai karo ɗaya, wani sai na maimaita sau bakwai sau takwas rezo na yankewa wuta na tahiya. Kakata kaɗai mata uku ta zama, a guntun farko baƙa siririya kamar yadda na zana, a na biyu ta koma kamar 'yar Indiya har da ɗigo a goshi, a na uku ga yatsu shida. Na ce ya yi mini gidan ƙasa sai ya kawo mini wasu gidaje masu ƙofar baka-baka kamar na Maroko da raƙuma jere, na ce rumbu ya kawo mini wani abu kamar tankin ruwa, dole na zana rumbun da kaina da hular ciyawarshi da duwatsun da ake ɗora shi bisa, na ɗauki hoto na ba shi na ce kar ka kuskura ka canza. Akuya kuwa in ta juya sai ƙafa ta biyar ta ɓullo. Sannan montaj ɗin duka ni na yi a manhajar CapCut, ni na daidaita muryar Kaka da motsin, ƙarar ruwan ma da bokiti na yi ta a bayan gida. In ba hannu ba da mi na yi wanga duka, da ƙafa?

Mai Caji: Da wutar shagona ka yi shi.

Ɗan Jibiya: Ni tambaya gare ni, mene ne kuma IA? AI ake cewa. Ku dai mutanen Nijar komai sai kun juya shi baya.

Maman 'Yan Biyu: Kai Ɗan Jibiya, mu da Faransanci munka yi lakkwal, IA muke cewa. Kai ne baƙo nan, ka bi liman.

Ɗan Jibiya: Baƙo ina? Daga Jibiya zuwa Maraɗi ai ko shayi bai huce ba na iso, kakannin sarakunanku ma daga Katsina suka zo.

Tela Bagalam: IA ɗin ma ya hi dacewa. IA ta iya, Auta bai iya ba.

Ɗan Ader: Hahaha Tela Allah ya shirye ka.

'Yar Jami'a: A rediyo ƙirƙirarriyar basira suke cewa, ku huta da gardamar harufa biyu.

Ɗan Jibiya: Wa zai tsaya rubuta wannan dogon suna malama, mega ai kuɗi ne.

Mushen Mokoyo: Ku dakata in ce wani abu a matsayina na wanda ya koyar da Auta a aji, don na san shina da hannun zane tun yana yaro, bangon ajina ya sha wahala wurinshi. Amma ɗana maganar da ka yi cewa ba ka san wanda ya taɓa yin irinshi ba ita ta sa na ajiye alli. Ƙasar nan ba yau ta san katun ba. Moustapha Alassane tun cikin shekarun 1960 yake yi, Bon Voyage Sim na 1966 ne, kwaɗi ya zana ya mai da su shugaban ƙasa da fadawanshi da sojojin fareti, yana yi ma masu mulki shaguɓe. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, ya kuma yi na kokowa inda kwaɗi ke kama juna cikin fili kamar gaske. Ya yi aiki da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim, a Yamai, ya tahi Kanada wurin gwanin katun Norman McLaren ya ƙaro sani, ya rasu 2015 a Wagadugu. Kuma ku san yadda ake aikin: sinima hoto 24 take nunawa cikin daƙiƙa guda, masu zanen hannu da yawa suna yin 12 su nuna kowane sau biyu. To minti shidan Auta in da irin wancan aikin ne zane 4320 ke nan, kowane ya ɗan bambanta da na bayanshi. In 'yar tsana ce sai ka matsa hannunta kaɗan ka ɗauki hoto, ka ƙara matsawa ka ɗauka, haka har dare. Wannan shi muka taso muna kira aikin hannu.

Ɗan Ader: Allah ya biya ka Mushe! Kuma ku ƙara da cewa a Tawa ya zauna, can ya yi situdiyonshi. Ku 'yan Maraɗi ku tsaya ga kasuwa da gujiya, fasaha tamu ce.

Mushen Mokoyo: Zama ya yi, ba haihuwar Tawa ba ne, a N'Dougou anka haife shi.

Ɗan Ader: Inda mutum ya kafa gida nan ne garinsu Mushe.

Maman 'Yan Biyu: To albasa fa, ita ma fasaha ce? Duk wanda ya zauna kusa da ku a mota ya san abin da kuka iya.

Ɗan Ader: Albasar Galmi har Abijan ake nemanta Hajiya, ke ma da ita kike miya.

Autan Kaka: Mushe da girmanka, ni garin nan na ce ban ce ƙasa ba. Kuma ni ban haɗa kaina da Alassane ba, ina ni ina shi. Amma shi ma ai da kyamara ya yi, kyamara ba inji ba ce?

Tela Bagalam: Kyamara ba ta zana kwaɗo. Abin da ka ajiye gabanta shi take ɗauka. Naka kuwa kai da kanka ka ce ka roƙi rumbu ya ba ka tankin ruwa, ashe shina da ra'ayin kanshi ke nan, to wanda ke da ra'ayi ai abokin aiki ne ba allura ba. Ka rubuta sunanshi kusa da naka ka huta.

Ɗan Jibiya: Tela kana bayan zamani wallahi. Katun ɗin da ya ci Oscar a 2025 gaba ɗaya AI ce ta yi shi, na gani a TikTok, wani mai kyanwa a cikin jirgin ruwa. Turawa sun wuce wurin mu muna nan muna hannu hannu.

'Yar Jami'a: Ba gaskiya ba ne yayana. Fim ɗin da kake nufi na ƙasar Latbiya ne, kuma da Blender anka yi shi, Blender manhaja ce ta kyauta da mutum ke gina komi da kanshi ya motsa shi da kanshi, shekaru sunka ɗauka suna yi, ba rubuta umarni ake ta haifo hoto ba. Ba duk abin da ya hito daga kwamfuta ba ne IA. Toy Story tun 1995 da kwamfuta anka yi shi gaba ɗaya, lokacin babu ko labarin Midjourney, IA mai yin hotuna, ita sai 2022 ta hito.

Ɗan Jibiya: To ni dai haka na gani.

'Yar Jami'a: TikTok ba hujja ba ce.

Ɗan Jibiya: Ke kuma komai sai kin nuna kin yi jami'a.

Ɗalibin Ilimi: Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga ana ta jayayya kan hannu, amma ba wanda ya tuna abin da ya hi muhimmanci. Ɗan'uwa Auta, ina yi maka nasiha don Allah, kana ta rantsuwa da hannunka ka zana mutum tara da akuya, alhali ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa masu suranta abu mai rai za a ce musu ranar ƙiyama su rayar da abin da sunka suranta. Ni da ni ne kai da ban dage bisa kalmar nan ba.

Ɗan Ader: Tirƙashi! Gaba kura baya sayaki. In ya ce hannunshi ne Ustaz na jiranshi, in ya ce inji ne Tela ya ci gari.

Maman 'Yan Biyu: Ustaz to hoton da ke bisa profil ɗinka fa, da rawani da komi?

Ɗalibin Ilimi: Hajiya hoton kyamara daban, malamai da yawa sun ce kamar madubi ne, tsare inuwa ne ba ƙirƙira ba. Zane da alƙalami shi ne abin magana.

Maman 'Yan Biyu: To na IA wane ne ciki, madubi ko alƙalami?

Ɗalibin Ilimi: Wannan sai na tambayi malamina.

Mushen Mokoyo: Malam ka haɗa da tambayar 'yan tsanan Nana A'isha da take wasa da su, shi ma yana cikin Bukhari, kuma da shi wasu malamai ke sassautawa kan abin da anka yi don yara da koyarwa. Ni ba malamin addini ba ne amma na san maganar ba baki ɗaya ba ce.

Ɗalibin Ilimi: Mushe kowa ya tsaya ga fanninshi, ni ban taɓa gyara maka lissafi ba.

Mushen Mokoyo: Ka zo ka gyara in ka ga kuskure, 360 sau 12 ne.

Dattijon Maradawa: Salamu alaikum yara. Jikana ne ke rubuta mini. Na ji an ce wani ya yi majigi bisa ruwan da ya tashi tsohon gari. Mahaifina ya sha ba mu labarin nan, gidanmu na cikin waɗanda sunka hau tudu. Ina za ni gan shi?

Mai Caji: Tunda an zo maganar gaskiya ni ma bari in faɗi tawa. Auta wata huɗun nan da kake faɗi rabinsu bisa bencina ka yi su, waya biyu da pawa bank kullum, injina na shan esansi, jika bakwai ke rubuce cikin kayena. In ana rabon hannu a fim ɗin nan ni ma a sa nawa.

Autan Kaka: Haba Mai Caji, nan ne wurin wannan maganar? Kuma jika biyar ne ba bakwai ba, na ba ƙanenka biyu ranar Juma'a.

Mai Caji: Bai gaya mini ba.

Autan Kaka: To tambaye shi.

Mai Caji: Ya tahi Dan Isa sai jibi.

Ɗan Ader: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ga hannun Mai Caji ga na IA ga na Kaka, Auta naka wane ne ciki?

'Yar Jami'a: Ku bar wasa, tambayar Yaya Tela tana da tushe ko da ya yi ta da gatse, don har kotuna sun shiga cikinta. A Amurka ofishin haƙƙin mallaka ya duba wani littafin zane da anka yi hotunanshi da Midjourney, a Fabrairun 2023 ya ce rubutun da yadda anka jera hotunan na mai littafin ne, amma hotunan kansu ba su da kariya don ba mutum ya zana su ba. Ka ga sun raba abin gida biyu. In an bi wannan ma'aunin, labarin Auta da muryar Kaka da zanenshi na kaye da montaj nashi ne babu gardama, abin da inji ya cike tsakani kuwa shi ne ake taƙaddama. Dokar Amurka ce ba tamu ba, mu nan BNDA ke kula da haƙƙin mawallafa, in yana so ya je ya tambaye su. Abin da ni ya hi damuna daban ne, injinan nan da hotunan mutane anka koya musu zane, miliyoyin hotuna da anka kwaso a intanet ba a tambayi masu su ba, shi ya sa kamfanin hotuna Getty Images ya kai kamfanin IA mai suna Stability AI kotu a 2023, Disney da Universal kuma sunka kai Midjourney a Yunin 2025. Kuma shi ya sa ya ba Auta gidan Maroko da 'yar Indiya, abin da ya gani da yawa shi yake amayarwa, rumbunmu bai cika intanet ba.

Tela Bagalam: Kun ji ko? Kotu ta ce ba nashi ba ne.

'Yar Jami'a: Ba haka na ce ba Yaya, ka sake karantawa. Kuma ofishi na ce ba kotu ba.

Autan Kaka: Ta ce nawa ne babu gardama, ga shi nan rubuce.

'Yar Jami'a: Kai ma rabi ka ɗauka.

Tela Bagalam: Har wani tsoho ɗan Japan mai katun an nuna mishi irin wanga ya ce cin mutuncin rayuwa ne. Ɗana ya nuna mini bidiyon.

'Yar Jami'a: Miyazaki ke nan, amma bidiyon na 2016 ne, wata halitta mai jan jiki a ƙasa kamar gawa anka nuna mishi, ya ce ta tuna mishi da abokinshi mai naƙasa. Lokacin irin manhajar da Auta ya yi aiki da ita ba ta ma wanzu ba. Sai a 2025 da mutane sunka yi ta mai da hotunansu irin zanen situdiyonshi anka tono bidiyon.

Tela Bagalam: Ko yaushe ne dai ya faɗa.

Maman 'Yan Biyu: Yaya Tela ni fa na yi shiru ne don girmanka, amma tunda ka ƙi sauka bari in tuna maka. Rigar da ka ɗinka ma maigidana ta sallar layya, da ka kawo ka ce aikin Kano ne na hannu ka caje mu kuɗin hannu, da wankin farko munka juya cikinta ga takardar nan fara da inji ke bari a bayan surfani. Wanzami ba ya son jarfa.

Ɗan Ader: Innalillahi. Yau ake yinta.

Tela Bagalam: Hajiya ki ji tsoron Allah! Na ce zanen na Kano ne, ban ce ɗinkin na hannu ba ne. Kuma wuyan da aljihun da hannu na gama su, ki tambayi yarana.

Autan Kaka: Au, ashe in inji ya yi tsakiya kai ka gama baki ya zama naka? To ni ma haka na yi Yaya, sai dai ni na faɗi gaskiya tun a saƙon farko.

Tela Bagalam: Kai yaro kar ka haɗa sana'ata da wasan waya. Na girmi babban wanka.

Maman 'Yan Biyu: Girma ba ya goge takardar nan, tana nan na ajiye.

Tela Bagalam: Maganar riga tsakanina da Alhaji ce, ba da ke na yi ciniki ba.

Maman 'Yan Biyu: Da kuɗin adashina anka biya.

Ɗan Jibiya: Ni abin da ban gane ba me ya sa ka wahalar da tsohuwa, ai akwai AI mai karanta Hausa, ka rubuta kawai ta karanta maka da murya mai daɗi.

Autan Kaka: Na gwada don wurin gabatarwa, na goge. Ba ta san hawa da saukar murya ba, na rubuta an ɗaure akuya gindin kuka ta karanta shi kamar kukan hawaye, gari na zama da gari na tuwo duk ɗaya ne wurinta, kuma Hausar ba tamu ba ce, kamar mai karanta labarai. Kaka in ta ce ruwa ya taho sai ka ji tsikar jikinka ta tashi, tana tsayawa ta yi tsaki ta ce wayyo akuyata, shekara tamanin ba ta huce ba. Wanga ne na so mutane su ji a daren nan, shi ke nan fa abin da na kawo ƙara, amma tun ɗazu ba wanda ya ce komi bisa waɗanda sunka hana ni.

Ɗan Jibiya: Hausar Kano ai ita ce Hausa, ku ne kuke cewa tahi da huska.

Ɗan Ader: Maimaita in kana da ƙarfin hali.

Mushen Mokoyo: Kai Ɗan Jibiya, kakarka ta Jibiya ma tahi take cewa, je ka saurare ta.

Ɗalibin Ilimi: Na tura ma malam tambayar, ya ce yana cikin karatu sai bayan isha'i.

Dattijon Maradawa: Yara har yanzu ban ji inda za ni ga majigin ba.

Shugaban Fada: To jama'a ya isa haka, saƙo ya wuce ɗari tun la'asar, wasu sun kira ni suna cewa wayarsu ta cika. A matsayina na admin bari in taƙaita abin da anka cimma don a rufe. Na farko kowa ya yarda cewa kalmar da hannuna ba ta dace ba, Malam Tela wanda ya hi mu sanin aikin hannu ya yi bayani mai gamsarwa da misalin aska takwas, Mushe ya ƙarfafa shi da lissafin zane dubu huɗu da wani abu, ita ma ɗiyarmu ta jami'a ta kawo hukuncin Amurka da ya nuna abin inji ba na mutum ba ne, sauran dogon bayaninta na masu boko ne. Na biyu Ustaz ya yi nasiha mai kyau, Allah ya saka, muna jiran amsar malam. Na uku masu shirya daren al'adu ba mu ji ta bakinsu ba don haka ba mu cewa sun yi laihi, kuma ni na san yaran, masu ladabi ne, ɗaya ɗan ƙanwata ne. Maganar riga ba ta cikin muhawara, abin cikin gida ne bai kamata a kawo shi nan ba, kuma Malam Tela mutum ne da munka sani shekara da shekaru ba a taɓa jin shi da kowa ba. Auta yaro ne mai ƙoƙari, shawarata ya cire kalmar nan ya ba Yayanshi Tela haƙuri bisa maganar da ya mayar mishi, ya kuma biya Mai Caji jika bakwai ɗinshi. Maganar albasa da Hausar Kano duk wanda ya sake tado ta zan hidda shi. Na rufe.

Mushen Mokoyo: Shugaba ni ban ƙarfafa kowa ba, tarihi na gyara.

'Yar Jami'a: Baba Shugaba ba abin da na ce ke nan ba wallahi.

Autan Kaka: Jika biyar ne.

Maman 'Yan Biyu: Shugaba kayanka na bikin ɗiyarka suna shagon wa yanzu haka? Ka faɗa ma jama'a.

Shugaban Fada: Na ce na rufe Hajiya.

Autan Kaka: Baba Dattijo yi haƙuri sai yanzu na ga saƙonka cikin hayaniya, ga fim ɗin nan na turo, in bai buɗe ba gobe bayan azahar in kawo maka har gida ka gani a wayata. Tun shekaranjiya ma na sa shi nan gurup ɗin, mutum biyu kaɗai sunka buɗe.

Tela Bagalam: Ni ba sai na gani ba, na san abin da ke ciki.

Ɗan Ader: Mega nawa yake ci? In ya wuce hamsin sai na zo shagon Mai Caji ka tura mini ta Xender.

Mai Caji: Zama bisa benci dala ashirin ne daga yau.